Za Melina, Mai Mayar da Wuta Gidan Makoki

Kafin ƙararrawar cocin Ripalonga ta buga ta farko, Za Melina ta riga ta buɗe ƙofar tanderun unguwa. Takan fara ɗora tafin hannunta a kan dutsen bakinsa, ta ji ɗumin da ya kwana, daga nan ta san yawan itacen da za ta zuba. Busassun rassan inabi take sawa a ƙasa don sun fi saurin kamawa, ta ɗora manyan itatuwan daji a kansu. Idan wuta ta ci har rufin tanderun ya yi fari, sai ta janye garwashin gefe guda, ta goge ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma a bakin doguwar sanda. A daidai lokacin mata ke fara gangarowa daga lunguna, kowace da katako a ka, ƙullin burodinta lulluɓe da bargo don kada sanyin dutsen Vulture ya kama shi.

Wurin ba ya shiru. Vincenza, maƙwabciyarta ta jikin bango, ita ke buɗe fage. Ƙorafinta ɗaya ne kullum, wai an tura burodinta can ƙurya ya yi ɓawo kamar tafin takalmi, alhali kowa ya san haƙora huɗu suka rage wa mijinta Teodosio. Za Melina ba ta ko juyowa. Takan ce ta jiƙa masa a giya, ai dama komai nasa a nan yake ƙarewa. Mata su kwashe da dariya, Vincenza ta fi kowa.

Idan burodi ya fito aiki bai ƙare ba. Sauran zafin ba a barinsa ya tafi a banza. Tukwanen wake ke shiga, da farantan tattasai, ran Lahadi naman rago da dankali, da kaka kuma ruwan inabin da ake dafawa har ya yi kauri kamar zuma don kayan zaƙin Kirsimeti. Ta san tukunyar kowa ba tare da an faɗa mata ba. Ta san wadda mai ita ke son romo da wadda mai ita ke son ƙanzo.

Sunanta na takarda Carmela Sigillito, amma ko mai kawo wasiƙu idan ka ce masa haka sai ya tsaya tunani. Kowa Za Melina yake ce mata, wato Goggo Melina. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon ƙuna, girarta ta dama ta daɗe da daina tsirowa. Tanderun ba nata ba ne, na unguwa ne. Tana amarya ta same shi a hannun surukarta, ta fara da ɗauko mata itace. A shekarar girgizar ƙasa, lokacin da mutane suka bar gidajensu suka koma kwana a kogunan ajiye giya da cikin motoci, surukar ta karye a ƙugu, ita kuwa yarinyar ta shiga tanderun da rarrafe ta duba rufinsa, ta fito ta ce bai tsage ba, a kawo fulawa. Tsofaffi har yau suna ba da labarin burodin makon nan, wai rabinsa dusa ne amma ba su taɓa cin mai daɗinsa ba. A shekarar da ƙanƙara ta rufe hanyar Melfi kuwa, a tanderun aka riƙa ɗumama jarirai biyu da tsohuwa ɗaya da awakin Teodosio, duk a lokaci guda.

Ke ce, Za Melina, wadda muka ci daga hannunta tun ba mu da haƙori, ba mu taɓa tunanin mu ce an gode ba, don mun ɗauka haka burodi yake fitowa da kansa. Uwar garwashi, ba ki da rana ta hutu sai wadda kika binne mijinki, ita ma da yamma an gan ki kina leƙa wutar.

Amma akwai aikinta na biyu, wanda ba a cika maganarsa ba. A Ripalonga idan aka yi rashi, gidan mamacin ba ya hura wuta kwana uku. Maƙwabta da dangi ke kai abinci, yau wannan gida gobe wancan, romon kaza da taliya, dafaffen ƙwai, burodi, da kwalbar giya a gindin kwando. Rana ta huɗu da safe mai tanderu ke zuwa da garwashi a kasko, ta share tsohuwar toka, ta hura sabuwar wuta. Sai hayaƙin nan ya tashi ake buɗe tagogi a koma aiki. Kafin nan ba mai taɓa gonar gidan ko da ganye ɗaya, domin a wurinmu inabin da aka yanka wutar gida na mace giyarsa tsami take yi, in ma ba ta yi ba babu mai kai ta bakinsa. Babu murhu a garin nan da Za Melina ba ta durƙusa a gabansa ba. Ba ta wa'azi, ba ta kuka. Ta share, ta hura, ta ɗora tukunyar ruwa, ta tafi.

A bana likita ya saurari ƙirjinta ya ce hayaƙin da ta shaƙa ya isa haka. Ta yi ta jan ƙafa, daga baya ta yarda za ta miƙa tanderun ga Rosalba, matar ɗan Vincenza, ran bikin San Martino, ranar da ake huda gangunan sabuwar giya. Ta ɗauka kakar nan za ta wuce lami lafiya. Sai Donatina, matar Savino, ta kwanta ba ta tashi ba.

Savino dattijo ne mai gonar inabi a can saman tudu, inda sanyi ke sa baƙin inabi jinkirin nuna. Kowace shekara shi ke yanka na ƙarshe, bayan kowa ya gama ya wanke kwandunansa. Da gonar nan yake ci, ba shi da wata. Za Melina ce ta riƙe 'yarsu Lucrezia ranar baftisma, shi ya sa yake ce mata Cummà, ita kuma ta ce masa Cumpà, kuma a tsakanin masu wannan zumunci ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Rana ta huɗu ta hau da kaskonta, ta tura ƙofar, ta ji ta a sakace.

"Ba yau ba, Cummà," ya ce daga ciki.

Ta zauna a kan matakala har garwashin ya mutu, ta koma. Washegari ma haka. Lucrezia ta roƙe shi ta gaji, ga 'ya'yanta a Torino ba mai duba su, ta hau jirgin ƙasa tana kuka. Matan unguwa suka duba suka ga ai wutar ba ta tashi ba, mutum ba zai zauna da yunwa ba, sai suka ci gaba da kai kwando. Har abin ya zama gasa. Wannan ta murza taliya da hannu, waccan ta yanka kazar da take tanadi, wata ta soya busasshen tattasai a man zaitun har yana ƙaras-ƙaras. Savino ya buɗe ƙofa kaɗan ya ja kwandon, da safe a tarar da kwanuka a wanke a kan matakala. Kowa na jin ya yi aikin lada.

Inabin kuwa yana can a rataye. Ya nuna har ya fara tsagewa, rina da tsuntsaye sun samu wurin biki. Maza a shagon kofi ba su da hira sai ta sama, kowa ya leƙa kan dutsen ya girgiza kai, rediyo kuma ta ce ruwa mai yawa na tafe kafin ƙarshen mako. Idan ya sauka a kan inabin da ya tsage, ruɓewa zai yi a reshe, aikin shekara ya tafi. Samari suka ce su a bar su su je su yanke a ɓoye. Teodosio ya tambaye su wa zai sha, kuma a ina za su matse, tunda makullin kogon giyar yana aljihun mai shi. Maganar ta mutu a nan.

Za Melina ba ta fasa hawa ba. Kullum in ta gama zuba burodi sai ta ɗebi garwashi ta je ta zauna, mata na wuce ta da kwanduna masu tururi. Tana kallonsu tana lissafi a ranta. Mutumin da ake kawo wa romo har bakin ƙofa, me zai sa ya nemi wuta? A ganinta taurin kai ne irin na Savino, wanda ta sani tun yana saurayi, kuma su da kansu ke ciyar da taurin kan. Idan aka bar shi haka, zai rasa inabin, ya rasa dalilin fita, kafin ƙarshen sanyi a bi shi da akwatin gawa.

Wata safiya, mata na tsaye da katakansu, ta jingine sheburin katakon da take zuba burodi da shi ta ce tana da magana. Ta ce a ci gaba da kai wa Savino kwando, al'ada ce, amma daga yau ɗanye za a kai. Fulawa, busasshen wake, dankali, kifin gishiri. Al'ada ta ce a kai abinci, ba ta ce a dafa ba.

Nan take wurin ya ɓarke. Wata ta ce dattijo ne ba yaro ba, wata ta ce ko kare ba a yi wa haka. Vincenza ta ajiye katakonta a ƙasa ta riƙe ƙugu.

"Za Meli, hayaƙin nan har ƙwaƙwalwa ya kai? Matarsa ko sati biyu ba ta yi a ƙasa ba."

"Inabinsa ma ba zai ƙara sati a sama ba," in ji Za Melina. "Duk wadda ta kai masa dafaffe, ta nemi inda za ta gasa burodinta."

Tunda take riƙe da tanderun ba ta taɓa yi wa kowa barazana da shi ba, shi ya sa maganar ta yi nauyi. Suka bi, amma ba da daɗin rai ba. Wasu suka daina gaishe ta. Don Ilario, limamin coci, ya zo ya tsaya a bakin tanderun yana murza hannu, ya yi mata maganar tausayi cikin lallashi, ta ba shi burodi mai zafi ta ce ya gaida gida. Lucrezia ta bugo waya ta faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa wadda ta riƙe ka a coci. Za Melina ta saurara har ƙarshe. Ba wai ta tabbata tana da gaskiya ba ne. Vincenza, duk da fushin da take yi, ta lura cewa ta bango ba ta ƙara jin ƙarar cokali a gidan Za Melina ba, kuma burodin da Za Melina ke ɗaukar wa kanta yana nan a kan taga bai ragu ba. Wadda ta hana wani ci, ita ma ta kasa haɗiya.

Kwandon farko ya kwana a waje ba a taɓa shi ba. Na biyu, dankalin cikinsa aka gani yana gangarowa kan matakala ɗaya bayan ɗaya har bakin famfon unguwa. Safiyar da ta biyo baya, tana zaune da kaskonta, sai ƙofar ta buɗe gaba ɗaya. Savino ya fito cikin baƙar rigar da ya je maƙabarta da ita, gemu ya cika masa fuska, riƙe da kifin gishiri mai tauri kamar allo.

"Cummà, jaki kika mai da ni? Da me zan ci wannan, da zarto?"

"Jaki ma in ya ji yunwa fita yake yi, Cumpà. Ga wuta na kawo."

Ba ta jira amsa ba, ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta shige. Mutumin da gwiwoyinsa suka daɗe da ƙin lanƙwasa, sai ga shi ya riga ta isa murhun, ya tsaya a gabansa ya ware hannuwa. Ya ce kada ta matso. Muryar ba ta faɗa ba ce, ta roƙo ce, wannan ne ya tsayar da ita.

Ɗakin ya yi sanyi kamar kogo. An cusa tsummoki a duk wata kafar taga. An kwantar da kujeru a kewaye da murhun don kada kyanwa ta hau. Da idonta ya saba da duhun, ta ga tokar a shimfiɗe sumul, kamar yadda mata ke lallaɓe ta idan za su kwanta, da alamar gicciye da aka ja da bakin ƙarfe a tsakiya. A gefe ɗaya ga shaidar yatsu huɗu inda aka danna.

"Ita ta rufe wutar ranar," ya ce. "Kayanta Lucrezia ta wanke ta ninke. Zanin gado an canja. Kofin da ta sha ruwa ma wata mai kirki ta ɗauraye. Wannan kaɗai ya rage da hannunta a kai."

Za Melina ta juya ta fitar da kaskon waje, ta dawo ta ɗaga kujera ɗaya a hankali ta zauna. Ta tuna yawan tokar da ta share a gidajen mutane, da sauri da tsabta, ba ta taɓa duba ko akwai wani abu a kanta ba. 

"Na ɗauka taurin kai ne," ta ce.

"Akwai shi ma," in ji Savino.

Ta tashi ta gangara tanderu, ta ɗauki burodi mafi zafi ba ta tambayi na waye ba, ta haɗo da man zaitun da gishiri da tumatir, ta koma. A kan gwiwa suka ci, su biyu, nesa da murhun don kada numfashinsu ya motsa tokar. Ya ci kamar wanda aka sako daga kurkuku, ita ma ba ta bar masa shi kaɗai ba. Suna ci suka yi hirar Donatina, yadda take waƙa da muryar da ke korar kaji, da yadda ta taɓa bin mai sayar da yadi har wajen gari saboda taƙi ɗaya da ya rage mata. Cikin hirar Za Melina ta tambaye shi inda marigayiyar take zubar da toka, don ba ta taɓa ganinta a juji ba. Ya ce gona take kaiwa duk Asabar, layin sama, kurangun inabin da mahaifinta ya dasa. Takan ce su ma 'yan gida ne, a ba su rabonsu na murhu.

"Da za ta leƙo ta ga toka ta yi wannan daɗewar a murhunta," in ji Za Melina, "da ni da kai duk mun sha zagi."

Ya yi wani sauti tsakanin dariya da tari. Za Melina ba ta ambaci inabi ba. Da za ta fita ta ce masa ba za ta sake hawowa da kasko ba sai ya kira ta, ko da zai kai bazara.

A bakin tanderu ta tara matan ta ce ta janye maganarta, a dafa masa, ita ce ba ta fahimta ba. Suka tambaye ta me ta gani, ta ce ba nata ba ne da za ta faɗa. Aka ce inabin fa, ga hadari ya fara haɗuwa. Ta ce inabinsa ne, in ya zaɓi ya rasa shi yana da dalili. Maza suka yi ta gunaguni a shagon kofi, wai da farko ta hana shi ci yanzu kuma ta sallama gonar, mace ɗaya ta juya gari kamar waina. Ita kuwa ta koma gida da sanin cewa za ta ajiye aiki ta bar gida ɗaya a garin babu wuta, abin da bai taɓa faruwa ba a hannunta ko a hannun surukarta. Ya yi mata ciwo, amma ta haƙura.

Da gari ya waye, Vincenza na shanya a taga ta hango Savino ya fito rungume da tukunyar tagulla, an rufe bakinta da mayafi, yana taka hanyar tudu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba wanda ya bi shi. Teodosio ne kawai, da yake gonarsa na ƙasa da ta Savino, ya gan shi daga nesa ya durƙusa a layin sama yana ɗiban toka da hannu yana zubawa a gindin kowace kuranga, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Teodosio ya ce da Savino ya gama ya daɗe a durƙushe. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya juya, a karo na farko ya dubi inabin.

Abin da ya biyo baya ba sai an tambayi Teodosio ba, don har kan titi an ji. Ya zagi rina, ya zagi tsuntsaye, ya zagi mazan Ripalonga kaf da sunayensu, wai suna zaune suna shan kofi amfanin mutum na lalacewa. Ba a jima ba sai ga shi a bakin tanderu, gwiwoyinsa fari fat da toka, yana ture mata da katakansu. Ya miƙa tukunyar da babu komai a ciki.

"Cummà, wuta."

"Ni ke kaiwa, Cumpà. Ba a zuwa ɗauka."

"Kafin ƙafafun nan naki su kai gidana ruwa ya sauka. Zuba."

Ta dube shi, ta dubi tukunyar, ta ɗebo garwashi ta zuba. Ta miƙa wa Rosalba sheburin ta ce ta kula da na Vincenza kada ya yi ɓawo, ta bi shi a baya tana haki. A gaban murhun ya bayyana cewa mutumin nan, da ya san kowane reshe a gonarsa, bai taɓa hura wuta a gidansa ba. Ya kife garwashin ya danne shi da ƙaton gungume. Za Melina ta harɗe hannuwanta a baya don kada su riga ta. Ta ce ya cire, ya fara da ƙirare, ya bar wa iska hanya, ya hura daga ƙasa ba daga sama ba. Ya hura, toka ta cika masa gemu, ya yi tari, ya sake. Da harshen wutar ya kama, ta ce ya ɗora ruwa, ya tambaye ta a wace tukunya.

Kafin hayaƙin ya gama fita daga bututu, maza sun taru a bakin famfo da kwanduna da almakasai, kowa na nuna kamar wucewa ya zo yi. Gari duka ya hau tudun. Har Don Ilario ya naɗe hannun riga. Aka yanka ranar har duhu, aka ɗora da safe, ruwan ya sauko da rana tsaka bai tsaya ba. Layukan ƙasa sun tafi, ba a ceci komai a cikinsu ba. Abin da aka shigar kogon ya ɗan haura rabi. Savino ya tsaya a bakin ganga jiƙe sharkaf, ya ɗanɗana ruwan inabin, ya ce giyar bana kaɗan ce amma ba za ta ba shi kunya ba.

Ran San Martino aka jera tebura a gaban tanderun, aka huda ganguna, ban da ta Savino da ke can tana tafasa tukuna. Kowane gida ya kawo abin da ya fi iyawa don sallamar Za Melina. Waɗanda suka daina gaishe ta su suka fi cika faranti. Aka zaunar da ita a kan gaba, abin da ba ta saba ba, tana ta waiwayen Rosalba ko ta rufe bakin tanderun da kyau. Ana cikin haka Savino ya iso a makare, ya yi aski, ɗauke da 'yar tukunya da tsumma. Ya ajiye a gabanta ya buɗe. Busasshen burodi ne ya dafa da ganye da man zaitun, abincin da kowace yarinya ke fara koya, sai dai nasa ya kama a ƙasa, warin ƙauri ya kai har teburin ƙarshe. Vincenza ta toshe hanci ta tambaya ko bargo ya dafa.

Za Melina ta ture farantin rago gefe, ta ja tukunyar, ta ci a hankali har ta kankare gindin. Yana tsaye a kanta hula a hannu.

"Yaya, Cummà?"

"Gishiri ya yi kaɗan, hayaƙi ya yi yawa. Gobe ka sake."

Ke ce, Za Melina, wadda ta yarda gari ya juya mata baya saboda mutum ɗaya, kuma da kika ga kin yi kuskure kika faɗa a gaban matan da kika yi wa tsawa, ba ki nemi mafaka ba. Mun san ki da ƙarfin hannu. A makon ƙarshe na aikinki muka ga kin harɗe hannun a baya kin bar wani ya hura da kansa, kuma mun lura wannan ya fi miki wuya.

Mu da kika bari, kai kwando mun iya, har gasa muke yi. Abin da ya rage mu koya shi ne zama a bakin ƙofar da aka rufe har ta buɗe, in mun shiga kuma mu tsaya mu ga abin da mai gidan ke tsaro kafin mu ɗauki tsintsiya. Duk wanda ke da maƙwabcin da ya yi shiru, ya je ya zauna.

Mun gode, Za Melina. Allah ya sassauta ƙirjin nan, ya bar mana ke. Savino ya ce gobe ma zai kawo, ki daure ki ci.